Neman Hoton Roka Tsakanin Bauchi da Gombe

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya shafe fiye da shekara ashirin yana tuƙa roka tsakanin Bauchi da Gombe, amma duk abin da ya rage mana na motar hoto ne guda ɗaya da ke cikin akwatin mahaifiyata. Mai hoton, kamar yawancin masu hoton wancan zamani, mutum ya zo ɗauka ba mota ba, saboda haka ya tsayar da Kawu a gindin ƙofa, ya cika hoton da shi da hularsa, ya bar wa motar ɗan abin da ya saura. Ana ganin rabin ƙofa da madubi da wani yanki na allon saman gilashi inda aka rubuta kirarin motar, sai dai an datse farkon rubutun, kalma biyu kaɗai suka tsira: MAGANIN DUNIYA. Kowa ya san haƙuri ne aka yanke, amma tun ina yaro nake jin haushin mai hoton nan, ina cewa da ya ja da baya taku uku da ya ba mu motar gaba ɗayanta.

Ni ma yanzu ina taɓa sana'ar hoto a ƙarshen mako, biki da suna da walimar sauka. A hunturun da ya wuce na ɗauki hutun kwana biyu, na ƙudurta bin hanyar da Kawu ya bi domin in ɗauko hoton irin motarsa a cike kafin su ƙare a kan titi. Motar da muke kira roka ita ce Marsandin nan mai gajeren hanci wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959, kuma lambar 911 da ke jikin wasunsu ba ado ba ce: 9 na nufin nauyin kusan tan 9, 11 kuma ƙarfin doki 110. Kai da inji da ƙashin baya ne na kamfani. Bodin katakon kafintocinmu ne ke haɗa shi, masu fentinmu su zane shi, shi ya sa ba za ka taɓa samun guda biyu iri ɗaya ba.

Abokina wani malamin makaranta ne ya yarda ya kai ni a tsohuwar Peugeot 504 da ya gada daga mahaifinsa, domin motar haya ba za ta tsaya maka a duk inda haske ya yi kyau ba. Kafin mu kama hanya na shiga tashar Muda Lawal da sassafe don in sa hannu. Nan na yi kuskuren farko, na ɗaga kyamara ban yi sallama da kowa ba. Ban kai ga hoto na uku ba wani ɗan kamasho ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, daga ina?" Ya yi gaskiya. Direban da ya ɗaure buhuna a but har murfin ya kasa rufuwa yana da dalilin tsarguwa idan ya ga baƙo yana ɗaukar lambar motarsa. Aka kai ni wurin shugabannin tasha, na gaishe su, na nuna musu hoton Kawu da na kwafa a waya, nan take fuska ta saki, har wani dattijo bakanike ya zaunar da ni yana ba ni labarin lokacin da ake harhaɗa manyan motoci da taraktocin Steyr a nan cikin Bauchi, Fijo a Kaduna, Marsandi a Inugu. Ya ce idan roka nake nema in bar cikin gari, in nufi kasuwannin ƙauye, can ne har gobe take da daraja, saboda tana shiga inda tirela ba ta isa ta sa ƙafa ba.

Hotunan da na ɗauka a tashar ba su da wani abin a zo a gani. Motoci a cushe suke, bayan kowace akwai rumfa ko turken wuta da ke fitowa a hoto kamar ya tsiro daga rufinta, kuma a jikin wata Sharon da aka wanke tas na ga kaina ɓaro-ɓaro a tsugune da kyamara a fuska. Fentin mota madubi ne. Wanda zai ɗauki hotonta, hoton duk abin da ke kewaye da ita yake ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba.

Hanyar Gombe kimanin kilomita 150 ce, kuma gabas ta miƙa, don haka da safe rana na cikin idon mai fita daga Bauchi. Wannan ya shafi aikina kai tsaye. Motar da ta fito daga Gombe tana bai wa rana baya, fuskarta a inuwa take, wadda ta nufi Gombe kuwa ita haske ke wanke wa gaba. Ga shi kuma a watan Disamba rana kan karkata kudu tun daga fitowarta har faɗuwarta, saboda haka gefen kudu na titi ne wurin tsayawa, rana a bayanka, motocin da suka nufi gabas su ne na kusa da kai, tunda hannun dama muke bi tun 1972. Hazo ya taimake ni ƙwarai. Mutane kan yi ƙorafi da shi, amma ga mai hoton mota kyauta ce daga Allah, domin yana tace zafin rana, inuwa ta yi laushi, fenti ya daina walƙiyar da ke ƙona hoto. Illarsa ita ce ƙura. Na yi wa kaina doka cewa ba zan cire idon kyamara a waje ba, sai a cikin mota da gilashi a rufe, don ƙura ɗaya idan ta shiga ciki sai ta zama ɗigo a kowane hoto har ƙarshen tafiya.

A Dindima muka fara tsayawa, kusa da gadar kogin Gongola, ba nisa da mararrabar da ake karyawa zuwa Yankari. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat. Abokina ya ce tunda shi ne direba kyauta, ladansa hoton motarsa. Na sa ya gyara mata tsayuwa a wani fili inda babu komai a bayanta sai yashi da layin bishiyoyi, ya karya sitiyari yadda fuskar tayar gaba za ta kalli kyamara, ni kuma na durƙusa daidai tsayin fitila, na tsaya ta kusurwa inda gaba da gefe ke fitowa tare. Na ɗaura wa kyamarar ɗan tabarau mai kashe ƙyalli, wanda idan kana murza shi a hankali za ka ga farin sama yana gushewa daga gilashin gaba har kujeru su bayyana. Mota ce da ta cancanci a ɓata mata lokaci: a Faransa ta fito a 1968, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har 2006, bayan ƙasar da ta haife ta ta daɗe da mantawa da ita. Hoton ya yi kyau irin na kalanda. Abokina ya ji daɗi, ni kuwa na duba na ga babu abin da ke cikinsa da zai gaya wa mutum cewa motar nan ta taɓa kai amarya ko ta kwana a daji.

Na kuma ɓata kusan sa'a guda a bakin titin ina gwada bin mota da kyamara tana cikin gudu. Idan ka sa kyamara ta ƙyafta da sauri, kamar kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, tirelar da ke sheƙa gudu sai ta fito kamar an ajiye ta ne a tsakiyar kwalta. Sai ka rage saurin zuwa wajen kashi 1 cikin 40, ka kafa ƙafafunka, ka juya daga ƙugu kana bin motar daidai gudunta, ka danna ba tare da ka tsaya ba. In an dace, motar ta fito tar, tayoyi su zama zobe, bishiyoyin baya su koma zane-zane. Na ɗauki sama da hamsin, uku kawai zan iya nuna wa mutane. Duk inda muka hango shingen jami'an tsaro kuwa, kyamara kan koma jaka tun daga nesa, kuma ina ba duk mai wannan sha'awa shawarar ya yi haka.

A Alkaleri na sami rokar da nake nema. Ranar kasuwa ce, tana tsaye a gefe an buɗe bayanta ana jiran kaya, kai kore, bodi ja da ruwan ɗorawa, an zana zaki a ƙofar baya, wani zaki mai idon mutum. A allon saman gilashi an rubuta KOMAI NISAN DARE GARI ZAI WAYE. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune a kan benci yana cin goro. Wannan karon na yi hankali.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da hutawa."

"Wa alaikumus salam. Yawwa, samari. Lafiya da na'ura a wuya?"

Na yi masa bayani, na nuna masa hoton Kawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah Ya jiƙan maza. Je ka ɗauka, amma ka kawo in gani."

Na matsa kusa da bamba, na buɗe idon kyamara iyakar faɗinsa, na kwanta kusan a ƙasa, irin ɗaukar da samari ke so domin mota ta fito da kwarjini. Na kawo masa. Ya karkata kai ya ce, "Ɗana, wannan ai hancinta ka ɗauka. Ka mai da ita kwaɗo. Ina bodin?" Na rasa abin cewa. Ido mai faɗi idan ya matso kusa yana kumbura abin da ke gabansa ya tsuke na baya, kuma wannan ita ce cutar yawancin hotunan mota da ake ɗauka da waya, domin babban idon waya mai faɗi ne. Maganin shi ne ka ja da baya sosai, sannan ka janyo motar da zum. Na koma kusan taku ashirin na sake ɗauka, kai da bodi suka daidaita. Ya duba ya ce yanzu ta zama mota, amma in dakata.

"Mota babu kaya ai tsirara take. Bari a yi lodi."

Da farko na ɗauka son nuna arziki ne kawai, sai da na zauna na ga abin da idona. Roka idan babu kaya bayanta a ɗage yake, akwai rata tsakanin taya da bodi, tana tsaye kamar wadda ke ɗari-ɗari. Da 'yan dako suka fara jera buhunan masara da wake, sifirin ya riƙa kwanciya, ratar ta riƙa rufewa, har motar ta zauna daram a kan tayoyinta. Tsayuwarta gaba ɗaya ta sauya. Na karanta bayanai da dama a kan hoton mota, duk a kan motar da aka goge aka ajiye a wurin da babu kowa suke magana, ban taɓa cin karo da wanda ya ce a jira lodi ba. Wanda ya shekara talatin yana kallon motarsa daga benci ya san siffarta fiye da wanda ya zo da kyamara ɗazu.

A wuri ɗaya muka saɓa. Akwai wata lotsawa a fuka-fukin hagu, sama da taya, inda fenti ya ɓare tsatsa ta kama. Ni ita ta fi jan idona, shi kuma ya ce in koma ɗaya gefen, ya ma sa yaron motarsa ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke gilashi da fitilu. Na ce, "Baba, ai wannan tabon shi ne shaidar aiki." Ya ce, "A wurinka. A wurina saniyar da ta faɗo mini titi ce, da kuɗin gyaran da ban samu ba tukuna." Na yi shiru, domin akwai wata ɗabi'a da mu masu hoto muke da ita ta mai da wahalar mutane ado, mu ga tsatsa da yagaggen tamfol mu ce sun yi kyau, alhali mai abin yana ganin bashi ne. Na ɗauki gefen da yake so. Daga baya na nemi izininsa na ɗauki na tabon ma, da alkawarin ba shi ne zan wanke masa ba. Ba zan ɓoye ba, har yanzu na tabon ya fi kwanta mini a rai, amma shi ke da mota.

Lodi bai ƙare ba sai bayan la'asar. Aka ja tamfol aka ɗaɗɗaure da igiya, rana ta yi sanyi, haske ya koma ruwan zuma. Ya tayar da inji, ya ce Tudun Hatsi za shi a Gombe, ya ba ni minti biyu. Na tsaya inda na riga na auna, na duba tayoyi duk sun shiga, na duba babu turke a bayanta, na duba inuwata ba ta faɗa ciki ba, na jira wani mai amalanke ya wuce, na danna sau biyar. Dattijon na leƙe ta taga, gwiwar hannu a waje, yaron mota na tsaye a kan matakala. Na san na samu abin da na fito nema.

Sauran hanyar ba mu tsaya ba sai sallar magariba a Bara. Muka wuce filin jirgin sama na Lawanti da duhu, muka shiga Tumfure, daga nan titi ya fara gangarawa, fitilun Gombe suka bayyana a ƙasa, domin garin a cikin kwari yake zaune. Manyan motoci kan sauka gangaren nan da babbar giya suna gurnani, cikinsu har da masu jigilar simintin Ashaka da suka yi furu-furu da ƙura.

A masauki na zuba hotunan a kwamfuta. Na buɗe na ƙarshen, na faɗaɗa shi, gabana ya faɗi. Bakin tamfol ya zazzago ta saman kai ya rufe rabin allon. Abin da ake iya karantawa kawai shi ne GARI ZAI WAYE. Na duba duka biyar ɗin, haka suke. Na lura da taya, na lura da turke, na lura da inuwa, ban karanta rubutun ba, ni da na yi shekara talatin ina zargin wani mai hoto da laifin nan. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce aƙalla ni ƙarshen maganar mai daɗi na bari.

Da gari ya waye kuwa muka nufi Tudun Hatsi. Kasuwar hatsi ce babba, motoci iri-iri a jere, su DAF da Kanta da a-kori-kura, ƙurar masara na tashi tana haɗuwa da hazo. Kafin mu gano motar na ci karo da wani mai fenti yana sabunta zanen mikiya a bayan wata gingimari. Na nuna masa hoton zakin jiya wanda na ɗan ƙara wa launi da dare. Ya kalla ya ce, "Maigida, wannan koren ba namu ba ne. Babu gwangwanin da ke fitar da shi." Ya ce kore irin na kan roka mai duhu ne, idan ya sha rana ya ɗan yi toka, wanda ke hotona kuwa na lemun kwalba ne. Na mai da launin yadda yake a gabansa, ya gyaɗa kai ya koma kan mikiyarsa. Abokan sana'ata idan na nuna musu hoto, "Masha Allah, ya fita" kawai suke cewa. A kwana biyu direba da mai fenti sun gaya mini abin da ban ji daga bakinsu ba a shekara biyar.

Can ƙarshen layi muka hango koren kai. An riga an sauke kaya tun asuba, an naɗe tamfol, bayanta ya koma ya ɗage. Dattijon na shan shayi a teburin mai shayi. Na gaishe shi, na nuna masa abin da ya faru. Ya sa tabarau, ya duba, ya kira yaron motarsa ya nuna masa bakin tamfol ɗin ba tare da ya ce uffan ba, yaron ya sunkuyar da kai. Na ce laifina ne, ni ya kamata in gani. Ya ce, "Ku biyu ne."

Haske ya yi kyau a safiyar nan, babu abin da ya tare allon. Na ja da baya taku ashirin, na karanta rubutun daga farko har ƙarshe da bakina kafin in danna. Kalma shida, duk sun fito. Na kai masa. Ya daɗe yana kallo kamar yadda ya kalli hoton Kawu, sannan ya miƙo mini kyamarar.

"Rubutu ya fito, amma ga ta nan tsirara. Kasuwa mai zuwa ina Alkaleri in Allah Ya kai mu. Ka zo da wuri, ni zan ɗaure tamfol ɗin da hannuna."

Na biya kuɗin shayinsa, ya ƙi, muka yi ta ja har mai shayi ya karɓi nawa. Abokina ya ƙara wa Fijo ruwa a lagireto, muka hau gangaren Tumfure rana na bayanmu, motocin da ke shigowa Gombe duk haske na wanke musu fuska.